Baƙon Tsiro a Tsohuwar Randa

An yi wata mata cikin Maguzawa, a wani ƙauye na gindin dutse, ko ta wajen Zariya ne ko ta Katsina, wannan kam ya kwanta mini. Sana'arta dafa giyar dawa, kuma abu ɗaya ke damunta: giyarta ba ta jimiri. In ta tace yau, kafin jibi ta yi tsami. Ga shi da kaka dangin mijinta kan zo bikin girbi daga nesa, waɗanda suka iso da wuri su sha mai daɗi, na baya su tarar da ruwan tsami, su koma gida suna yi da ita. Ana nan sai wani bafatake da ya sauka a gidansu ya ba ta guntun saiwa, bai fi ɗan yatsa ba, ya ce daga ƙasar sanyi ya samo shi. Tsiro ne mai yaɗo, in ji shi, furensa kore ne mai ɗaci da ƙamshi, in an jefa cikin tukunya lokacin dafuwa, giya takan daɗe ba ta lalace ba. Ya faɗi sunansa ma, sunan ne dai bai zauna mini ba. Gari na wayewa ya ɗaure kayansa ya wuce. Saiwar nan ita ke nan, babu wata.

Da yake tsakar gidan fako ne, ga kuma awaki, sai ta ɗauko wata tsohuwar randa da ta tsage, ta huda gindinta, ta cika ta da ƙasa da taki, ta binne saiwar, ta ɗaura igiya daga bakin randar zuwa kan rumbu. Da ruwa ya sauka, toho ya fito. Ita kuwa 'yar manoman doya ce, hannunta ya saba da yadda ake naɗa yaɗon doya a jikin sanda, don haka ta naɗa wannan ma ta gefen da ta sani. Washegari ta tarar ya warware kansa, yana lilo a iska. Ta zargi kaji, ta zargi iska, ta sake naɗawa, ya sake warwarewa. Ta sa zare ta ɗaure shi, sai kan ya karye. Wani tohon ya biyo baya, shi ma ta ɗaure, shi ma ya karye, har ya rage saura guda. Mijinta ya leƙa randar ya ce, "Wannan baƙon naki fa ba ya jin Hausa." Ta ce, "To maigida, bari ni in ji tasa."

Ran nan ba ta hura wuta ba. Ta jawo turmi ta kife, ta zauna gaban randar tun hantsi, ta naɗe hannuwanta don kada su yi abin da suka saba. Da farko ba ta ga komai ba. Sai da inuwar rumbu ta gusa ta lura kan tsiron ma ya gusa. Yana kewayawa a hankali, kamar makaho mai laluben bango, daga gabas ya bi ta kudu ya nufi yamma, yana bin rana. Doya ba ta nan take bi ba. Kafin la'asar ya taɓa igiyar, ya rungume ta ta gefen da ya zaɓa, babu zare, babu hannun kowa. Daga ranar aikinta bai wuce ban ruwa da korar awaki ba. Tsiron ya hau har kan rumbu, ya yi fure. Furen bai cika ƙoƙo ba, tunda sauran rassan sun tafi a hannunta, amma ya ishi tukunya ɗaya, kuma tukunyar nan ta jira har baƙon ƙarshe ya iso ya sha.

Abin da aka halicce shi a kan wata hanya, a fara duba hanyar tasa kafin a kai masa hannu. Masu iya magana sun ce, hali zanen dutse.