Ƙaton da Ya Cinye Ƙwallon Wendell

"Wannan ma ba ita ba ce," in ji Wendell, ya ture ta gefe. Tun yana saurayi yake tara 'yan ƙwallayen gilashi na wasan yara. Da ganin murɗin launi zai faɗa maka masana'antar da ta yi su. Guda ɗaya ce ta gagare shi: wata ja mai ratsin fari, aikin tsohuwar masana'antar garinsu a jihar Ohio.

"Ina da ita ina yaro," ya sake gaya wa matarsa Loretta. "Wani ƙato mai hula ya cinye min ita a wasa. Hannunsa kamar shebur."

Loretta ta dubi 'yan hannayenta. Ta ɗauko gwangwanin maɓallanta, ta zazzage a tebur. Jar ƙwallon ta gangaro har gabansa.

"Hular yayana ce na saka," ta ce. "Lokacin ba kwa barin mata su buga."

Ya miƙo hannu zai ɗauka. Ta dafe abarta, ta zana da'ira a ƙasa da allin ɗinki.

"Cin ta na yi, tsoho. In kana so, durƙusa mu buga."