Gidan Malamai a Doso

Tun da Bawa ya iso Gwandu daga Kalgo ya kasa zama. Ya jingine babur a ƙofar gidan su Hafiza, ya shiga zaure yana kai da komo. Ita ma da ta fito, a tsaye ta gaishe shi.

"Da gaske Nijar za ki?"

"Doso. Wata makaranta ta ɗauke ni koyar da Turanci." Ta gyara mayafinta. "Saura wurin zama. Baba ya ce ko gidan Gwaggo da ke can, ko in haƙura da tafiyar."

"To, ki zauna wurin Gwaggo mana."

"Yaya Bawa, Gwaggo tana da ɗa saurayi. Tun bara take yi wa Baba maganar haɗa ni aure da shi."

Ya tsaya cak.

"Akwai gidajen malamai a cikin makarantar," ta ce, idonta a ƙasa, "amma masu aure kaɗai ake ba."

Ya dubi ƙofa, ya dube ta. Shinkafarsa tana fadama ba a yanke ba, mahaifiyarsa kuma ba ta da kowa sai shi. Ya buɗe baki zai faɗa mata haka, sai ta ɗago ido ta dube shi.

"Ba zan iya barin Kalgo ba, Hafiza. Amma Doso ba bangon duniya ba ce, zan riƙa zuwa. Ki ce su ajiye gidan. Ki kuma shaida wa Inna magabatana suna nan tafe."

Ta juya cikin gida da sauri, har ta bar takalmi ɗaya a zaure.