Fuskar Yumɓu

Da ya ɗauki hoto na dubu huɗu, sai ya kira ƙanwarsa ta gani. Shekara biyu ke nan yana fama da 'yar tsanar yumɓu mai kamannin 'yarsa da ta rasu: ya gusa ta kaɗan, ya ɗauki hoto, ya sake gusawa.

Ya jera hotunan, ya kunna. Ga yarinya tana tahowa daga ƙarshen tebur, har da ɗingishinta.

"Yaya," in ji ƙanwar, "ina fuskarta?"

Kullum da babban yatsa yake riƙe kan. Tana matsowa, hanci na shafewa, idanu na nutsewa. Da ta iso, zanen yatsansa kawai ya rage.

Ya ɗauko sabon yumɓu, ya rufe ido, ya nemi fuskar. Ba ta zo ba.