Ƙarfen da Aka Binne da Gishiri

Wata mata mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ta yi kwanaki abinci ba ya wuce mata da daɗi, saboda wani ƙarfe da aka binne a bayan ɗakinta. Ga yadda abin ya faro. Da ta sayi firiza ta hannu, mijinta ya kira ƙanensa Sallau, mai gyaran wuta, ya ja mata waya. Ya gama aikin ɗaki tsaf, sai ta ga ya zagaya baya da diga. Ta leƙa ta taga. Rami ya haƙa, ya kafa wani dogon jan ƙarfe, ya zuba gawayi, ya bi da gishiri kusan kwano guda, ya kwarara ruwa. Sannan ya ɗaura wata koriyar waya a kan ƙarfen, ya mai da ƙasa ya tattake.

"Kai Sallau, me kake binne mini a gida?"

"Asiri ne, matar Yaya," ya ce yana dariya. "Daga yau in na ce a zubo zoɓo, da rawar jiki za ki kawo."

"Allah ya shirye ka, makwaɗaici."

Ita ma dariyar ta yi, ai wasan ƙanin miji ne. Amma maganar ta kwana a ranta ta tashi da ita. Tun tana ƙarama ta ji manya na cewa abin da aka binne da gishiri ba don alheri aka binne shi ba. Ana nan sai akuyarta ta yi ɓari. Ciniki ya ɗan ja baya. Da ta gutsura wa maƙwabciyarta zancen, waccan ta riƙe haɓa ta ce, "Ƙarfe, gawayi, gishiri? To ai laya kaɗai ta rage." Ta so ta tambayi mijinta, ta ji tsoron ya ce tana zargin ɗan'uwansa. Ta so ta sake tambayar Sallau, ta san zai mai da ita abin dariya a kowane taron suna. Ga 'yarta Lantana da ta gama sakandare, amma 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa, ta yaya za ta zaunar da ita ta ce koya mini? Ran nan da rana tsaka, gida ba kowa, ta ɗauki fartanya ta tone ramin. Ta sa wuƙa ta datse wayar, ta yi ta girgiza ƙarfen har ya fito, ta jefa shi kududdufi. Ta dawo ɗaki, ta kunna ƙwan lantarki, ya kama. Firiza na ta gurnaninta kamar kullum. Ta ce a ranta, ka ji, ashe ba aikin wuta yake yi ba. Ranar ta ci tuwo ta ƙoshi.

Abin da ba ta sani ba, wutar lantarki halin ruwa gare ta: kullum neman hanya take ta gangara ƙasa, kuma wadda ta fi sauƙi take bi. In waya ta gwaigwaye a cikin tsohuwar na'ura, wuta kan zubo jikin ƙarfenta. Koriyar wayar nan ita ce magudanar da aka yi mata, ta bi ta shige ƙasa salin alin. Gishiri da gawayin kuwa don ƙasar ta riƙe danshi ne, ta karɓi wutar da kyau. In an toshe magudana, ruwa ba ya fasa gangara, wata hanyar yake nema.

Da damina ta shigo, wata safiya Lantana ta wanke tsakar ɗaki, ƙafa ba takalmi, hannu jiƙe, ta kama murfin firizar. Uwar tana bakin murhu ta ji wani sauti da ba kuka ba, ba kira ba. Ta tarar da yarinyar a sandare, hannu ya ƙi sakin ƙarfe. Allah ne ya ba ta dabarar doke hannun da muciyar da ke hannunta. Lantana ta rayu, sai dai yatsunta uku sun ƙone sun ƙage. Ita da amare ke layi ta zana musu lalle, yanzu in ta riƙe ledar lallen, layin rawa yake yi.

Sallau ya zo, ya zagaya baya, ya ɗago guntun wayar ya ga yankan wuƙa ne. Ya dubi matar yayansa, ta sunkuyar da kai. Mijin na ta faɗa, wai aikin banza aka yi masa. Sallau ya ce, "Ruwa ne ya zaizaye wurin, Yaya. Ka yi haƙuri." Ya binne wani ƙarfen ya tafi.

Har yau kowace safiya ita ke murza wa yarinyar man kaɗe a yatsun. Lantana kan ce, "Inna, ki bar kukan nan mana, ƙaddara ce." Sai uwar ta yi niyyar faɗa mata gaskiya, ta fasa. To ku masu karatu, in ku ne ita, ya za ku yi? Ta faɗa, 'yarta ta riƙa kallon hannunta tana tuna wanda ya jawo? Ko ta yi shiru, bawan Allah ya ci gaba da ɗaukar laifin da ba nasa ba?

Masu iya magana dai ba su yi ƙarya ba da suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.