Mai Walda da Ɗan Dutsen Bakin Rafi

Tanimu, na ji bayaninka. Ka yarda kai ne da laifi, amma ka ce ba za ka taka ka je ka ba ƙaninka haƙuri ba, wai don ka goye shi yana jariri. To, gyara zama in ba ka misali, in ya so ka yi abin da ka ga dama.

A wani gari da ke gindin duwatsu akwai wata ƙungiyar masu tseren keken hawan dutse. Ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai. Malamin makaranta ne shugabansu, sai tela, sai mai shayi, sai wani mai walda. Kowa da kekensa na gwanjo da ya sha gyara har ya gaji. In sun tashi aiki da la'asar sai su kifa hular kwano su nufi dutse, mutanen gari na cewa manya sun koma wasan yara. A cikinsu babu kamar mai walda, ko maƙiyinsa bai musa wannan ba. Hawan da wasu ke yi suna haki, shi da fito yake gama shi. Sai dai yana da wani alfahari guda: tun da ya fara tsere bai taɓa sauke ƙafa ƙasa a tsakiyar hanya ba. A wannan wasa kuwa sauka ba abin kunya ba ne. In ka iske wurin da ya fi ƙarfin taya, sai ka dira, ka saɓa keke a kafaɗa, ka tsallake, ka sake hawa. Shi ya ce wannan aikin 'yan dako ne. 'Yan kallo suka laƙaba masa suna Ba-ka-sauka, sunan ya shiga kansa ya zauna daram.

Aka sa ranar gasar fitar da ƙungiyar da za ta wakilci yankin a gasar jiha. Dokar gasar ita ce, ba a cewa ƙungiya ta iso sai mutuminta na ƙarshe ya tsallake layi da kekensa. Damina guda suka yi suna shiri. Tela ya ɗinka musu riguna iri ɗaya, mai shayi ya riƙa barin teburinsa a lokacin da ciniki ya fi tafiya, matarsa na mita. A kan hanyar tseren akwai wani ɗan dutse a bakin rafi, tsayinsa bai kai gwiwa ba. Da rani mai walda yakan haye shi ko kallonsa bai yi ba. Ana gobe gasa aka yi ruwa, gansakukar da ke kansa ta jiƙe. Malamin ya je ya shafa dutsen da tafin hannu, ya dawo ya tara su ya ce, "Gobe kowa ya sauka a bakin rafi. Kowa na ce." Mai walda ya yi murmushi kawai.

Da aka busa usur, kafin a yi nisa mai walda ya ba kowa rata. Jama'a kuwa sun taru a bakin rafi, don sun san nan ake faɗuwa, kowa ya ɗaga waya. Mai walda ya sha kwana ya hango dutsen yana sheƙi. Kada ka ce bai gani ba. Ya gani sarai, har yatsunsa sun kama birki. Sai wani ya kwarma ihu, "Ba-ka-sauka!" taro ya ɗauka. Ya saki birki ya danna feda. Tayar gaba ta hau dutsen, santsi ya kwashe ta, sai ga shi tsamo-tsamo a cikin rafi. Allah ya kiyaye bai karye ba, ƙujewa ce a gwiwa da kafaɗa. Amma tayar ta lanƙwashe kamar murfin tukunyar da mota ta taka, ko juyawa ba ta yi.

Abokansa suka iso ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sauka ya tsallake ya sake hawa, abin bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Malamin ya tsaya ya ga lafiyarsa ƙalau, ya kuma ga babu tayar canji a wannan daji, ya wuce. Su ukun suka isa layi da wuri, suka tsaya suna kallon gangara, ƙungiyoyin da suka bari a baya suna cika a gaban idonsu. Shi kuwa sai da rana ta take ya ɓullo yana ɗingishi, keke a kafaɗa, rigar da tela ya ɗinka ta yage. An riga an miƙa kofi, ana kwashe kujeru. Babu wanda ya yi masa faɗa. Mai shayi ne ma ya miƙa masa ruwa, wannan kuwa ya fi masa zagi ciwo.

Abin da ke ba ni haushi ke nan har yau. Da ya sauka, shi ne dai gwanin, ba wanda zai rage masa komai. Ya ƙi taka ƙasa a wuri ɗaya, ya ƙare da taka sauran hanyar duka da ƙafa, ya kuma ja wa mutum uku da ba su ji ba ba su gani ba asarar daminarsu. Shi ya sa magabata suka ce, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.