Kaɗanyar Kan Iyaka

Sallau, ajiye wayar nan tukuna, tun ɗazu kake huci kamar kububuwa. Na ji abin da mutumin cikinta yake faɗa da ƙaraji, wai 'yan waccan jam'iyya sun ƙulla a ɓoye za su ƙwace filin kasuwarku, wai har da Tanimu a zaman. Tanimun da kuka sha nono ɗaya lokacin da uwarka ta kwanta ciwo, shi za ka je ka ci wa mutunci a gaban iyalinsa? Haba ɗan nan. Zo zauna kusa da gwaggonka, ƙafata ba za ta bari in bi ka ba. Bari in ba ka misali, in na gama ka tafi inda za ka.

An yi wasu manoma biyu, aminan juna tun ƙuruciya, gonakinsu na jingine da juna. A kan iyakar akwai wata tsohuwar kaɗanya da ba wanda ya san mashukinta. Ka san ba a tsinkar 'ya'yan kaɗanya, jira ake su faɗo da kansu a farkon damina, mata su tsince da sassafe. To matan manoman nan biyu sun raba kwanakin tsinta, yau wannan, gobe waccan, shekara da shekaru ba a taɓa jin kansu ba. Wata shekara matar ɗayan ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙafa, mijin ya koma jinya, ko gona ba ya leƙawa. Sai ga wani masassaƙin turmi ya fara zuwa dubiya, kullum da ɗan goronsa. Mutumin nan fa bai taɓa shara ƙarya tsagwaronta ba, nan gwanintarsa take. Yau ya ce ya ga matar maƙwabci tana tsinta ranar da ba tata ba. Gaskiya ne. Jibi ya ce ya ga an kewaye gindin bishiyar da ƙaya. Gaskiya ne. Bayan kwana uku ya rage murya ya ce ya ga maƙwabcin ya shiga zauren mai unguwa har sau biyu, sun daɗe suna ƙus-ƙus. Wannan ma gaskiya ne. Sannan ya girgiza kai ya ce, "Ni dai ba na shiga maganar mutane, amma mai hankali ya haɗa da kansa." Bawan Allah ga gajiya, ga tausayin matarsa, ya haɗa ɗin. Ya ga ai sun ga ya faɗi ne suna so su tattake shi, su matsar da iyaka su haɗiye bishiyar. Tsakanin gidansa da na amininsa ko tafiyar da za ta sa tuwo ya huce babu, amma zuciya ta hana shi takawa ya tambaya. Ya ce in shi ba zai ci ba, kowa ma ya rasa. Masassaƙi ya ce ai gatarinsa yana nan a wase, zai rage masa wahala, har itacen zai kawar masa kada ya tare hanya. Kafin la'asar kaɗanyar da ta girmi kakanninsu tana ƙasa.

Ana haka, washegari da hantsi mai jinyar ya ji sallama. Ya fito ya tarar da matar maƙwabcin durƙushe, idonta jawur, da ƙwarya a gabanta cike da man kaɗe fari sol. Ta ce, "Na 'yar uwata ne. Kwanakinta na tsince kada awaki su cinye, shi ya sa ma muka sa ƙaya. A riƙa shafa mata a ƙafar, maɗori ya ce yana saukar da kumburi." Bayanta kuma ga amininsa tsaye da mutum goma sha wani abu, kowa da fartanya a kafaɗa. Gayya ce ya roƙi mai unguwa ya tara, a nome wa mai jinya gonarsa kafin ciyawa ta cinye gero. Sun biyo ta wajen kututturen, sun gani, amma ba su fasa zuwa ba. Aminin bai ce masa ci kanka ba, illa ya tambaye shi jikin mai jiki. Wallahi Sallau, duk lokacin da na kawo nan sai ƙwalla ta cika mini ido. Mutumin ya tsuguna a ƙofar gidansa ya rufe fuska yana kuka kamar yaro. An yafe masa, an nome gonar, amma man da ke cikin ƙwaryar nan shi ne na ƙarshe da gidajen biyu suka samu. Masassaƙi kuwa turmi huɗu ya fitar, har da taɓare, ya yi gaba wani ƙauyen yin dubiya.

To ɗana, ban ce maka ba a ƙulla makirci a duniya ba, ana ƙullawa, na ga da yawa. Abin da nake roƙonka, duk wanda ya jero maka guntayen gaskiya ya ce ka haɗa da kanka, jininka yana tafasa shi kuma yana murmushi, tsaya ka tambayi abin da yake sassaƙawa. Mai ihun cikin wayar nan bai san sunanka ba, fushinka yake so, da shi yake cin abinci. Tanimu kuwa gidansa ga shi can bayan masallaci. Wanke fuskarka, ka je ka yi sallama, ka gaishe da 'ya'yansa, sannan ka tambaye shi baki da baki kafin ka sa gatari. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, mai son abinka ya fi ka dabara.