Kwalin Birki

A zagaye na huɗu a filin tseren mota na taka birki, ƙafata ta nutse har ƙasa kamar na taka soso. Motar ta ƙi shan kwana, ta faɗa cikin tsakuwa, ta tsaya taku ɗaya daga katangar tayoyi. Wani kangaru, dabbar dajin ƙasar nan, da ke bayan wayar shinge ko kai bai ɗaga ba.

Wata dattijuwa ma'aikaciyar filin da ke riƙe da tuta ta leƙo ta taga. "Da sauran kwananka, ɗan nan. Sabon shiga ne, ko? Me ka sa wa motar?"

"Na ƙara wa inji ƙarfi, na sa sabuwar salansa," na ce.

"Birki fa?"

Na buɗe ƙofa na fito.

Dokar filin tsere ce a kwashe komai daga mota kafin a shiga, shi ya sa kayana ke jibge kan ciyawa tun safe. A can na tarar da 'yata mai shekara huɗu kusa da uwarta, zaune kan kwalin sabon birkin da mahaifina ya kawo mini wata uku da suka wuce. Ko buɗe shi ban yi ba.

"Baba, ka gama?" ta ce. "To zo, ai ka ce za ka zaga da ni."